Abin da Fenti Ya Rufe

Duk wanda ya taɓa wucewa ta bakin garejin masu gyaran jikin mota ya san yadda tsohuwar mota take shiga wurin a lotse, fentinta ya koɗe, ƙofofinta sun ruɓe daga ƙasa, bayan 'yan makonni kuma ta fito tana sheƙi sai ka ce ranar aka saye ta. Mai wucewa yakan yaba wa wanda ya riƙe bindigar fenti, domin aikinsa ne ido yake gani, ni ma kuwa haka nake yi a da. Abin da nake so in ba malamaina da 'yan'uwana ɗalibai labari a wannan ɗan rubutu shi ne aikin da ake yi kafin a kai ga fenti, watau kankare ƙarfe da tsabtace shi da yi masa shafin farko, da kuma yadda na taɓa yin ha'inci a cikin wannan aiki, ha'incin ya biyo ni har makaranta.

A shekarar 2022 malaman jami'o'in gwamnati suka shiga yajin aiki tun daga watan Fabrairu, ba a janye ba sai a watan Oktoba, wata takwas ke nan. Da zaman gida ya ishe ni, ni ma na ishi mutanen gida, sai mahaifiyata ta ce in tafi Kano wurin ƙanenta in riƙa kama masa aiki. Kawun nan nawa ya fi shekara talatin yana sana'ar gyaran jikin mota, wadda ake kira fanal-bita, kuma shi yake yin fentinsa da kansa. Garejin nasa ba wani babban wuri ba ne: fili ne da rumfar kwano da bishiyar darbejiya guda, sai kwamfiresa da kayan walda da guduma iri-iri, da yara huɗu masu koyon aiki. Ranar da na isa, na zaci bindigar fenti za a ba ni. Sai Kawu ya miƙo mini samfefa da wata tsohuwar ƙofar mota da aka yar, ya ce, "Ɗan boko, ga littafinka. Ranar da ka iya karanta shi ma yi magana." Sati uku na yi ina gurzar ƙofar nan, har fatar yatsuna ta saɓule.

Cikin watan Yuli wani dattijo, tsohon malamin makaranta, ya kawo motarsa ƙirar Peugeot 504, wadda muke kira Fijo. Ita wannan mota an fara ƙera irinta a Faransa a 1968, sa'an nan aka buɗe masana'antar harhaɗa ta a Kakuri da ke Kaduna a 1975, aka yi ta fitar da ita har zuwa tsakiyar shekarun 2000. Akwai lokacin da ita ce motar ma'aikatan gwamnati, ita ce kuma ta haya tsakanin garuruwa. Dattijon ya ce tun yana kan aiki ya sayi tasa, a cikinta ya kai matarsa asibiti haihuwar 'ya'yansa duka, kuma ba ya son ya bar duniya ya bar ta a wulaƙance. Ba shi da kuɗin biya gaba ɗaya, sai dai kaɗan-kaɗan duk lokacin da fansho ya shigo.

Kawu bai yanka masa farashi nan take ba. Ya ɗauko wani ɗan maganaɗisu da ya naɗe a tsumma, ya riƙa bin jikin motar da shi. Inda ya kama da ƙarfi, to ƙarfe ne a kusa. Inda ya ƙi kamawa, to wani ya taɓa cika wurin da fila mai kauri ya rufe da fenti. Ya ƙwanƙwasa ƙasan ƙofofi da bakin tayoyi da gindin gilashi, ya ɗaga shimfiɗar ƙasa ya leƙa. Da ya gama sai ya ce, "Malam, wannan motar an sha yi mata kitso da ƙwarƙwata. In ka yarda, tsirara za mu yi mata har ƙarfe. Zai ɗauki lokaci, amma in Allah ya yarda ba za ka dawo mini da ita saboda tsatsa ba." Dattijo ya ce ya yarda. Ba a rubuta kome ba, ba a sa hannu ba, maganar Kawu ita ce takardar.

Kafin in ci gaba, ya kamata mai karatu ya san abokin gabar da ake yaƙi da shi. Tsatsa tana samuwa ne in ƙarfe ya haɗu da ruwa da iskar oksijin a lokaci guda. In an raba shi da ɗaya daga cikinsu, ba za ta samu ba. Gorar ruwa ma tana haɗuwa da iska, amma fatar da take yi siririya ce mai ƙarfi, tana manne, tana kare abin da ke ƙarƙashinta. Ta ƙarfe kuwa sako-sako ce, tana shan ruwa kamar soso, tana kumbura fiye da ƙarfen da ta ci, sa'an nan ta ɓantare ta buɗe sabon wuri. Gishiri kuma yana ƙara mata sauri, shi ya sa motocin bakin teku da na ƙasashen da ake zuba gishiri a titi saboda ƙanƙara suka fi namu saurin ruɓewa. Kaurin ƙarfen jikin mota galibi bai wuce milimita 1 ba. Saboda haka tsatsa ba ta da wata doguwar tafiya kafin ta huda shi.

Matakin farko shi ne kankarewa. Samfefa tana da lamba a bayanta, kuma gwargwadon ƙanƙantar lambar, gwargwadon kaushinta. Da lamba 80 muke cire tsohon fenti har ƙarfe ya fito fari, domin kaushinta yana barin ƙananan zane-zane waɗanda shafin farko zai sami abin riƙewa a cikinsu. Ana iya sa injin gurza don sauri, amma Kawu ba ya barin sabon yaro ya taɓa shi, saboda in aka daɗe a wuri ɗaya ƙarfen yakan yi zafi ya buɗe, faffaɗan wuri kamar rufin mota ko bonet ya yi tudu da kwari, gyaransa kuwa ya fi ɓarnar farko wuya. Inda tsatsa ta huda, ba a lallaɓa ta. Yanke wurin ake yi har a kai ga lafiyayyen ƙarfe, a yanko sabo daidai da shi, a yi walda ɗigo-ɗigo ana barin sa yana hucewa. Mu kan je Kasuwar Ƙofar Ruwa neman irin waɗannan faranta, wani lokaci ma a dace da ƙofa sukutum ta tsohuwar Fijo.

Mataki na biyu shi ne tsabtacewa, kuma a nan ne mai gaggawa yake faɗuwa, domin ƙarfen da ya fito fari yakan yi kamar ba ya bukatar kome. Alhali kuwa akwai ƙura da maiƙo da zufa a kansa. Akwai ruwan wanke maiƙo da ake sayarwa musamman don wannan, in babu shi akan yi da tina mai tsabta. Fetur bai dace ba, domin yana barin nasa maiƙon. Tsumma biyu ake riƙewa, ɗaya jiƙaƙƙe a goga, ɗaya busasshe a bi bayansa nan take kafin ruwan ya bushe ya mayar da dattin inda yake. Inda tsatsa ta bar ƙananan ramuka waɗanda samfefa ba ta kaiwa, akan shafa wani ruwa mai asid ɗin fosforik, wanda yake juyar da ragowar tsatsar ta koma baƙi-baƙi ta daina ci. Shi ma sai an wanke shi tas an busar, in ba haka ba ya hana shafin farko kamawa. Daga wannan lokaci kuma hannu ba ya sake taɓa ƙarfen. Kawu yakan ce, "Tafin hannunka gishiri ne da ruwa. Me kuma tsatsa take nema?"

Mataki na uku shi ne shafin farko, wanda ake kira firaima. Ba iri ɗaya ba ce. Akwai mai asid a ciki, wadda take ɗan cin fuskar ƙarfe ta kama, siririn shafi ake yi da ita, kuma ba a ɗora fila kai tsaye a kanta. Akwai ta ifoksi, mai gwangwani biyu da ake haɗawa bisa ma'aunin da aka rubuta a jiki, ita ce ta fi toshe hanyar ruwa, ta kuma fi tsada. Akwai kuma mai ruwan toka mai kauri, wadda aikinta cike zanen samfefa ne, amma tana shan laima, don haka motar da aka bari da ita kaɗai tana yawo a gari, tsatsa tana nan tana aiki a ƙarƙashi. Ga Fijon dattijo, Kawu ya sayo ta ifoksi. Akan riƙe bindiga kamar taki guda daga jikin ƙarfe, a tafi a miƙe, kowane layi ya hau rabin na bayansa. Kafin a fara kuma sai an buɗe ƙasan tankin kwamfiresa an zubar da ruwan da ya taru, don kada a fesa shi tare da firaima. Bayan wannan ne ake shafa fila inda ya rage 'yar lotsawa, siririya, a goge da lamba 180, a bi da firaima mai kauri, a goge da 320 ko 400, sa'an nan a yi maganar fenti.

A masana'anta, tsoma gangar jikin mota ake yi sukutum cikin manyan kwatamai, a wanke ta, a yi mata wankan fosfet, sa'an nan a sa lantarki ya ja shafin farko zuwa kowane lungu, dabarar da kamfanin Ford ya soma aiki da ita a shekarun 1960. Mu kuwa a ƙarƙashin rumfa muke, sama tana kallonmu. Da hunturu ƙura ce abokiyar gaba, da damina kuma laima. A watan Agusta, lokacin da ruwa ya fi yawa a Kano, ƙarfen da aka kankare da yamma yana iya wayar gari da tsatsa. Saboda haka dokar Kawu guda ce: abin da ka tsiraita yau, ka rufe shi yau.

To, a cikin Agustan ne abin ya faru. Wata Alhamis aka yi wa Kawu rasuwa a wajen gari, zai kwana biyu. Da zai tafi ya nuna mini bonet ɗin Fijo, wanda aka riga aka kwance aka ɗora a kan ganguna biyu. Wannan ne karo na farko da ya ba ni aiki ni kaɗai. Ya ce, "Ka kankare, ka wanke, ka fesa kafin magariba. In ka ga ba za ka gama ba, kada ka fara." Na ce na ji. Na duƙufa tun hantsi, amma tsohon fentin hawa huɗu ne, ban kai ƙarshe ba sai bayan la'asar sakaliya, yara duk sun watse. Na wanke shi tas da tsumma biyu yadda aka koya mini. Ina shirin haɗa firaima sai aka ɗauke wuta, ga hadari ya haɗo daga gabas, ga ba ko ɗigon mai a janareta. Cikin sauri na ja bonet ɗin zuwa tsakiyar rumfa, da ya nemi zamewa sai na dafa shi da tafin hannuna na dama, ina jiƙe da zufa. Na yafa masa tamfol na tafi gida. Daren nan aka kwana ana ruwa.

Garejin ba ya aiki ranar Juma'a, amma na yi sammako na je ni kaɗai. Da na yaye tamfol sai na ga ƙarfen da na bari fari ya yi wani ɗan rawaya-rawaya, kamar an barbaɗa masa garin kurkur an hure. Na san abin da ya kamata: in sake bin sa duka da samfefa, in sake wankewa, aikin kamar sa'a biyu ko uku. Amma yatsuna suna zugi, wuta ta dawo kuma ban san lokacin da za a sake ɗaukewa ba, fiye da kome kuma ina jin kunyar a ce ɗan boko ya karya dokar da ƙaramin yaron gareji ya sani. Na ɗauki busasshen tsumma na goge, launin ya ɗan dushe, na ce a raina ai wannan ba tsatsa ba ce tukuna. Na haɗa firaima na fesa. Ta kwanta lumui, gwanin sha'awa.

Ranar Asabar Kawu ya dawo. Ya shafa bonet da bayan hannunsa, ya karkata kai ya dubi yadda haske yake bin sa, ya ce, "Ranar Alhamis ka fesa?" Na ce, "Ranar Alhamis na fesa, Kawu." Ya ce, "Madalla, hannunka ya fara faɗawa." Ban taɓa jin yabon da ya yi mini nauyi kamar wannan ba. A ƙarshen Satumba aka gama motar, aka mayar mata da farin fentinta na asali. Dattijo ya zo da jikokinsa biyu, ya kewaya ta sau uku, ya kasa magana, sai addu'a ya yi ta yi wa Kawu da iyayensa. Ni ma ya riƙe hannuna ya sa mini albarka. Cikin Oktoba aka janye yajin aiki, na koma makaranta, na ɗauka magana ta wuce.

Ramin ƙarya ƙurarre ne. Wajen ƙarshen Disamba Kawu ya kira ni a waya ya ce in zo ranar Asabar, bai faɗi dalili ba. Da na isa sai na tarar da Fijo a ƙarƙashin darbejiya, dattijo yana zaune a benci. Ko'ina a jikin motar lafiya lau, ƙofofi da rufi da but suna sheƙi. Bonet kaɗai ne ya fito da ƙananan ƙuraje, waɗansu kamar ƙwayar gero, waɗansu sun kai ƙwayar dawa, sun fi taruwa a gefen dama. Fenti, kome kyansa, ba ya tare laima ɗari bisa ɗari, in kuwa akwai gishiri da tsatsa a ƙarƙashinsa, su suke jawo ta su tara, har wurin ya yi bororo. Dattijo bai ɗaga murya ba. Cewa ya yi, "Ba ƙara na kawo ba, na zo ne in nuna muku, ko wani abu ne na yi ba daidai ba wajen wanki." Wannan magana ta fi zagi ciwo, domin mutumin yana neman laifin a wurin kansa.

Kawu ya miƙo mini samfefa lamba 80, ya nuna inda ƙurajen suka fi yawa, ya ce in kankare. Ina gurza, farin fenti ya tafi, firaima mai kauri ta tafi, ifoksi ta ɗago kamar ɓawon albasa. A ƙarƙashinta ƙarfen ya yi ja-ja ko'ina, amma a tsakiyar jan akwai wurin da ya fi duhu, kuma yana da siffa: tudun tafi, da yatsu huɗu, da babban yatsa a gefe. Yara suka yi tsit. Kawu bai ce in ɗora hannuna a kai ba, ni ma ban jira ya ce ba. A gaban dattijo da yara na faɗi yadda aka yi, tun daga ɗauke wuta har zuwa ƙaryar ranar Asabar.

Na zaci zai yi faɗa. Sai ya juya wajen dattijo ya ce, "Malam, ka yi haƙuri. Ni na yi maka alkawari, ni na saɓa. Ka bar mana ita sati guda, ba za ka biya ko kwabo ba." Bayan dattijo ya tafi ne ya dube ni ya ce, "Ruwan da aka yi ba laifinka ba ne, ɗauke wuta ma haka. Da ka gaya mini ranar Asabar, asararmu gwangwanin firaima ce da yini guda. Yanzu kuwa ga fenti, ga fila, ga sati, ga kuma sunana da ka shafa wa firaima a kan tsatsa." Iyakar abin da ya faɗa ke nan, bai kuma sake tayar da maganar ba, ko a wurin mahaifiyata.

Ni na sake aikin bonet ɗin, yana tsaye a kaina. Na kankare, na shafa ruwan asid a ramukan da tsatsar wata huɗu ta haƙa, na wanke, na busar, na sa safar hannu, na fesa a yinin. Kuɗin kayan daga aljihun Kawu suka fita, a lokacin da farashin fenti yake ta hawa. Na nemi ya riƙa cirewa daga ɗan abin da yake ba ni, ya ƙi. Abin da na iya yi shi ne na sayo wa garejin takunkumi mai matatar sinadari guda biyu, domin yaran da tsumma suke rufe hanci in ana fesawa, su sha madara bayan an gama wai tana wanke ƙirji, alhali madara ciki take zuwa, tururin fenti kuwa huhu yake shiga, kuma fenti mai haɗi biyu yana iya jawo ciwon asma. Kawu ya karɓa, ya ce wannan karatun boko ya yi amfani.

Har yanzu nakan koma garejin duk hutu, kuma har yanzu samfefa ce rabona fiye da bindiga, ban kuwa ƙara jin haushin haka ba. Na lura cewa a aikin mota guda, kwanakin da ake ɓatawa wajen kankarewa da wanki da shafin farko sun ninka na fenti sau da yawa, kuma babu ko ɗaya daga cikinsu da mai mota zai gani ranar da ya zo ɗauka. Ba shi da abin dogara sai amanar wanda ya tsaya a kan ƙarfen lokacin da yake tsirara. Hausawa sun ce tun ran gini ran zane. Saboda haka in ɗayanmu ya kai mota gyaran jiki, shawarata ita ce ya rage tambayar yaushe za a gama, ya je ya gan ta da idonsa kafin a rufe ta, ya tambayi irin firaimar da za a sa da ranar da za a sa ta.

Fijon dattijo tana nan tana yawo. Na gan ta bara a bakin wani masallaci, na tsaya na leƙa bonet ɗin ta gefen dama, inda na san abin da ya taɓa kwanciya a ƙarƙashi. Babu ƙurji ko ɗaya. Na yi hamdala, na wuce.